Garin da ya fi kama kifi dabam, garin da kifi ke riƙe da shi dabam

Ran wata Asabar da daddare muna fada a Zango an ɗora shayi na biyu, sai ga ɗan yayata da ke karatun jogarafi a iniversite ya shigo da kwamfuta a hammata fuska ba walwala. Wai mushensu ya ba su aiki, su jera yankunan bakin teku na Afirka ta Yamma, wanne ya fi dogara ga kamun kifi wanne ke bi mashi. Kafin ya rufe baki mutanen fada sun fashe da dariya, wani ya ce kai yaro, Damagaram da ruwan pampo ma sai an yi gadinshi cikin dare, ina ruwanka da teku, tekun da ta fi kusa da mu sai ka ci kusan kilomita 1000, mu ai kifin rijiya ne. Yaron bai kula su ba ya juyo wajena ya ce Kawu duba mani, na riga na gama, na jera su bisa tan nawa kowane yanki ke kamawa a shekara. Na duba tablon nashi, tsaf da shi, har da launi ya sa. Na ce mashi aikinka ya yi kyau amma ba tambayar da aka yi maka ka amsa ba.

Tun daren nake juya abin, saboda kuskuren da ya yi ba na yara ba ne, manya masu kravat ma suna yin shi, kuma a kan irin wannan tablo ake raba kuɗɗin proje. Yawan kifin da gari ke kamawa abu ɗaya ne, yadda rayuwar garin ta rataya ga kifin wani abu ne can. Babban birni mai tashar jiragen ruwa yana iya sauke tan dubu ɗari a shekara, amma yana da bankuna da masana'antu da ƴan yawon buɗe ido, in kifi ya ɓace gobe unguwa ɗaya ce za ta yi kuka. Ƙauye mai kwale-kwale 60 ko a taswirar tan ba zai fito ba, amma ran da kifi ya ƙi shiga taru har mai sayar da kati da telan da ke ɗinkin sallah sai sun ji a jikinsu. Hukumar NOAA ta Amurka da ke lura da teku ta raba waɗannan biyu tun da daɗewa, tana da ma'auni ɗaya na girman harka, wato tan nawa, kuɗɗi nawa, lasisi nawa, dillalai nawa, sannan wani ma'aunin na dogaro, inda ake ɗauko waɗannan lambobin a raba su da yawan mutanen garin. Dokarsu ta kamun kifi ma tun gyaran da aka yi mata a 1996 ta ambaci iri biyun, garin da ya dogara sosai da garin da ya shiga harkar sosai.

To in an bar tan, da me za a auna? Abin da kowa ke fara ɗaukowa shi ne PIB, wato jimillar dukiyar da ƙasa ko yanki ya samar a shekara, a ce kashi nawa ne na kifi a ciki. Nan akwai abin da ya kamata a gane, ba kuɗɗin da aka sayar da kifin ake ƙirgawa ba, abin da ya rage bayan an cire isansi da ƙanƙara da gyaran inji da taru shi ake ƙirgawa, shi ne ake ce ma ƙarin daraja. A ce masunci ya sayar da kifin jikka 100, ya ƙona isansin jikka 40 ya sayi ƙanƙarar jikka 10, to 50 ce ta shiga lissafin kifi, sauran ta tafi layin masu mai da masu ƙanƙara. Wannan daidai ne a lissafi, don kar a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Matsalar tana wani wuri. Tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa na rarraba sana'o'i, wanda kusan duk ofisoshin ƙididdiga ke bi, ya sa kamun kifi da kiwonshi a lamba 03, amma gyara kifi da yin banda da sa shi a gwangwani yana can cikin masana'antu, sayar da shi yana cikin kasuwanci, ɗaukarshi a kamyo yana cikin sufuri. Kenan kifi ɗaya an yanka shi gunduwa huɗu an raba ma gidaje huɗu, sannan a ɗauko kai kaɗai a ce ga girman kifin. Shi ya sa ƙasa kamar Senegal da kowa ya san shinkafa da kifinsu, har UNESCO ta sa cebujen cikin kayan gadon duniya a 2021, in ka duba PIB sai ka ga kifi wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai. Wani bincike da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2014 ya yi ƙoƙarin haɗo gunduwoyin na Afirka gaba ɗaya, ya samu dala biliyan 24, kashi 1.26 cikin 100 na PIB ɗin nahiyar, da mutum miliyan 12.3 da ke ci daga harkar. Kashi ɗaya da ɗan ɗori a kuɗɗi, mutum miliyan 12 a aiki. Duk wanda ya tsaya kan lambar farko zai ce abin bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka masu hankali a fannin suka fi son ƙirga mutane, cikin masu aiki 100 na yankin nawa ne ke cin abinci ta kifi. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ake yi a nan, ɗan yayata ma sun yi shi a aji bai gane amfaninshi ba, ka ɗauki kason yankin ka raba da kason ƙasa. A ce yanki na da ma'aikata 100,000, masunta 5,000, kenan kashi 5. Ƙasar gaba ɗaya kuma rabin kashi ɗaya ne. Ka raba 5 da 0.5 ka samu 10, ma'ana su ya ninka sau 10 a wannan yankin bisa ga sauran ƙasar. In amsar ta wuce 1 yankin ya fi ƙasar karkata ga kifi, in ba ta kai ba shi kenan. Yana da kyau wajen gano inda sana'a ta taru, amma yana da ruɗi, don in ƙasar kanta kifi ba komai ba ne gare ta, yanki yana iya samun 10 ko 20 alhali mutum ɗaya cikin 100 ne masunci a cikinshi. Lambar ta yi girma, dogaron bai yi ba. Don haka ba a karanta ta ita kaɗai, sai an ajiye kason na ainihi a gefenta.

Amma ƙirga mutanen shi ne wahalar, kuma nan ne ni na san abin da idona ya gani. Shekarun baya na yi aikin ankete ma wani proje, aka kai mu wani ƙauye bakin tafki cikin watan Agusta, takardar tambayoyin na da gida ɗaya tak na sana'a. Ka shiga gida ka gaida maigida, ka ce Baba mece ce sana'arka, ya dube ka kamar ka tambaye shi ko yana salla, ya ce noma mana. Ga taru rataye a jikin rumbu, ga gora, ga warin kifi ya cika tsakar gida, amma damina ce hatsi na bununi, kuma a wajenshi noma shi ne sana'a, su kuwa abin da ake yi ne in an gama girbi. Na rubuta manomi. Uwargida da ke soya kifi tana kaiwa kasuwa duk ranar ci, wadda a zahiri kuɗɗinta ne ke sayen gishiri da sabulu da littafin yara, gidan da takarda ta tanadar mata shi ne matar gida ba ta aiki. Mun gama ƙauyen da masunta ƙasa da yatsun hannu. Na gaya ma mai duba aikinmu ya ce a cika yadda takarda ta zo. Ban ce laifinshi ba ne, shi ma haka aka ba shi, amma har yau in na ga an rubuta adadin masunta na wani wuri sai na tambayi kaina a wane wata aka je, wa aka tambaya.

Abin da ya faru a tafkin nan shi ke faruwa a bakin teku, girma ne kawai ya bambanta. FAO ta ce a 2022 mutum miliyan 61.8 ne ke aikin kamun kifi da kiwonshi a duniya, amma waɗanda rayuwarsu ta jingina da harkar ko da ɓangare ne sun kai wajen miliyan 600. Dubi ratar. A wuraren da aka ware maza da mata a ƙidaya, mata kashi 24 ne cikin masu kamawa da kiwo, amma kashi 62 ne cikin masu sarrafa kifin bayan ya fito ruwa. Kenan duk ma'aunin da ya tsaya a bakin jirgi ya zubar da mata, masu banda na Jowal da Mbur a Senegal, da na Elmina a Gana da sau da yawa su ne ma ke ba masu jirgi bashin isansi kafin a fita. Akwai wani babban aiki da FAO da jami'ar Duke da cibiyar binciken kifi ta WorldFish suka fitar a 2023 musamman don tono wannan ɓoyayyen kamu, suka samu ƙananan masunta su ke kawo wajen kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya, kuma mutum miliyan 53 suna su ne don tukunyar gida kawai ba don kasuwa ba. Wanda ya kama ya ci, babu rasit, babu duwan, PIB ba ta san da shi ba sai dai a ƙiyasta.

Turawa suna magance rabin matsalar da abin da suke kira daidai da cikakken ma'aikaci, wato mutum biyu masu yin wata shida-shida a ƙirga su ɗaya. A wajensu yana tafiya. A wajenmu ina da ja, don wata huɗun da mutum ke su suna iya zama su ne watannin da rumbu ya yi ƙasa, in ka ce shi sulusin masunci ne ka faɗi gaskiya a agogo amma ka yi ƙarya a ciki. Ni na fi yarda da a tambayi gida, cikin kuɗɗin da suka shigo bana kashi nawa ne ta kifi, kuma a wane lokaci na shekara. Ya fi tsada, ya fi cin lokaci, dole a koma sau biyu ko uku, shi ya sa ba a cika yi ba.

Sai maganar waɗanda ba su taɓa kifin da hannu amma daga shi suke ci. Kafin jirgi ya fita akwai kafinta, makanikin inji, mai ƙanƙara, mai mai, mai ɗinkin taru. Bayan ya dawo akwai ƴan dako, masu itacen banda, masu gishiri, masu karto, direbobi. Bayan su kuma akwai zagaye na uku, inda duk waɗannan ke kashe abin da suka samu, mai tuwo, mai haya, mai kabu-kabu, malamin makarantar allo da ake kai ma na Laraba. Masana tattalin arziki suna bin wannan sawu da wani babban tablo na wa ke saye daga wa, wanda Wasili Liyontif ya ƙirƙiro har ya samu kyautar Nobel a 1973, daga ciki ake fitar da lambar ninki, wato aiki ɗaya a ruwa ayyuka nawa yake riƙe da su a tudu. Abin da zan ce a nan shi ne a yi hattara da lambar ninkin nan, ita ce aka fi yi ma ƙari. Ƙungiyar masunta in tana neman tallafi za ta so ta yi girma, kuma mutane na da ɗabi'ar aro lambar wata ƙasa su liƙa ma tasu. Ninki ya danganta da nawa ne ke tsayawa a garin. Inda jirgin na baƙi ne, injin daga waje, ma'aikata daga waje, kifin ya wuce kai tsaye cikin kwantena, to kuɗɗin sun bi ta garin ne kamar ruwa a kan dutsen Birni, ba su jiƙa komai ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ke rikita lissafi, kifin na wane gari ne? Inda aka kama shi, ko inda aka yi ma jirgin rajista, ko inda aka sauke, ko inda iyalan masuntan ke zaune? Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 200 na ruwa daga gaɓarta, dukiyar ciki tata ce, amma mai ruwa ba lallai shi ne mai kamawa ba. Masuntan Get Ndar a Sanluwi ta Senegal, unguwar da kusan kowane gida na su ne, da yawansu a ruwan Muritaniya suke kamu da lasisi, don haka takardar da aka sa ma hannu a Nuwakshot tana iya hana tukunya tafasa a Sanluwi. Fante da Ewe na Gana sun bazu a gaɓar ƙasashe maƙwabta suna su suna aiko kuɗɗi gida. Mu ma ai mun san wannan, Hausawa nawa ne suka tafi tafkin Chadi su, iyalansu na nan ƙasar Hausa suna jiran aike. In ka ƙirga a inda aka sauke kifi, garin da ya haifi masuncin ya fita daga lissafi alhali shi ne zai fi shan wuya. A can Nuwadibu ta Muritaniya kuma da wasu garuruwan Gambiya kamar Gunjur akwai masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye su mai da su gari da mai don abincin dabbobi da kifin kiwo a ƙasashen waje. A tablon ɗan yayata tan ya hau, fitar da kaya ya hau, wurin ya yi kyau. Matan da da suke sayen wannan kifin su yi banda su kai cikin ƙasa kuwa sun rasa abin saye, kuma su dama ba su cikin tablon balle a ga sun fita.

Amma abin da ya fi duk waɗannan juya amsa, kuma shi na fi daɗewa ina yi ma yaron bayani, shi ne girman yankin da ka zana. Na ce mashi ɗauki jihar Damagaram gaba ɗaya, tun daga Magarya har Tasker, ka lissafa kason kifi, za ka samu abin da bai kai a faɗa ba. Yanzu ka zana da'ira a kan Gidimuni kaɗai, ko tafkin Lasuri, ka sake lissafi. Mutanen ba su canza ba, kifin bai ƙaru ba, alƙalaminka ne ya motsa. Birtaniya haka take, kamun kifi bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na tattalin arzikinta ba, amma a garuruwa irin su Pitahed da Firezabara a arewa maso gabashin Sikotilan shi ne ƙashin baya, kuma duk ƙanƙantarshi a takarda yana cikin abubuwan ƙarshe da suka riƙe yarjejeniyar cinikinta da Tarayyar Turai bayan ficewarta har zuwa ƙarshen Disamban 2020. Ofishin ƙididdiga na Tarayyar Turai sai da ya zauna ya yanke me ake nufi da bakin teku ma tukuna. A matakin lardi, wanda ya taɓa teku ko wanda fiye da rabin mutanenshi ke zaune cikin kilomita 50 daga gaɓa. A matakin komin, wadda ta taɓa teku ko rabin ƙasarta na cikin kilomita 10. Ka ga kilomita 50 sun isa su haɗiye babban birnin da babu ruwanshi da kifi, ya shigo da ma'aikatanshi dubbai ya narkar da kason masunta. In ka sauko ƙasa sosai zuwa ƙauye kuma sai ka tarar babu lambobi, ofishin ƙididdiga bai kai nan ba. Mafi dacewa shi ne yankin da mutum zai iya fita da safe neman aiki ya dawo ya kwana gida, don shi ne ainihin iyakar zaɓinshi, ba iyakar da gwamna ko farfe ke mulki ba.

Kuma dogaron ma ba iri ɗaya ba ne. Girinlan fiye da kashi 90 na kayan da take fitarwa kifi ne da jatan lande. Kiribati da ke tsakiyar tekun Pasifik, fiye da rabin kuɗɗin shigar gwamnatinta daga sayar ma jiragen waje ranakun kamun tuna suke fitowa, kenan albashin malami da likita ma kifi ne ko da ba su taɓa riƙe ƙugiya ba. Gana kuwa ta ciki ce, wajen kashi 60 na naman da ɗan Gana ke samu a abinci kifi ne. Ukun nan in ka zuba su a ma'auni ɗaya ka fitar da lamba ɗaya ka cuci duka.

To yaya ake jerawa? Abin da na sa yaron ya yi shi ne ya ja layi biyu su gicciye, ɗaya na girman harka ɗaya na kason mutanen da ke ci daga ita. Gida huɗu suka fito. Mai girma kuma mai kaso babba, irin su Nuwadibu, nan kowa ya yarda. Mai girma amma kaso kaɗan, irin Dakar ko Abijan, tashar kifi ce babba a cikin birnin da ke da wasu ƙafafu da yawa. Ƙarami mai kaso babba, ƙauyukan da ba su da suna a rahoto, su ne aka fi mantawa kuma su suka fi rataya. Na huɗu ba ya buƙatar magana. Sannan a kan wannan sai a ɗora tambaya ta uku wadda a ganina ta fi biyun nauyi, in kifin ya tafi mutumin nan ina zai nufa? Akwai gona? Akwai hanya mai kwalta zuwa gari? Ya yi lakkwal? Kifi iri ɗaya suke kamawa ko iri-iri? Garuruwa biyu suna iya samun kashi 30 daidai wa daida, ɗaya yana da fadama a bayanshi ɗaya yashi ne da ruwan gishiri. Peru ta ɗanɗana dogaro ga iri ɗaya, a 1970 ta kama wajen tan miliyan 12 na wani ƙaramin kifi ancobeta, a 1972 ruwan ya yi ɗumi ga kuma kamun da ya wuce kima, kifin ya faɗi warwas, garin Cimbote da aka gina a kanshi ya shiga uku.

Inda za a yanka layi tsakanin mai yawa da matsakaici kuwa, babu wata aya da ta sauko da shi. Wasu su ce kashi 5, wasu 10, NOAA tana auna ratar da ke tsakanin lambar gari da matsakaicin lambar sauran garuruwa ne. Duk wanda ka ɗauka, garin da ya samu 9.8 da wanda ya samu 10.1 rayuwarsu ɗaya, amma ɗaya zai shiga jerin tallafi ɗaya ya tsaya waje. Tarayyar Turai tun 2007 take da kuɗɗi na musamman ga yankunan masunta, kuma duk inda kuɗɗi suka rataya ga layi sai ka ga magadan gari sun zama gwanayen lissafi. Shi ya sa na ce ma yaron ya gwada layin a wuri biyu ko uku ya ga garuruwan da ke tsallakawa, ya rubuta sunansu dabam, kar ya yi kamar lambar ce ta yanke da kanta.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma duk lissafin nan ƙoƙari ne na sanin macin kafin miyar ta ƙare. Sau biyu na san an ga amsar ƙiri-ƙiri. A Nufanlan ta Kanada, ran 2 ga Yulin 1992 minista Jon Kurosbi ya hana kamun kifin kod saboda ya kusa ƙarewa a ruwa, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba aiki, aka ce shekara biyu ne, sai 2024 aka sake buɗewa da ɗan kaɗan, kuma cikin shekara goma na farko lardin ya rasa wajen kashi 10 na mutanenshi, samari suka watse. Na biyun a ƙofar gidanmu ne, ko da yake tafki ne ba teku ba. A 2015 bayan hare-haren Boso da Difa aka kafa dokar ta-ɓaci aka hana harkar kifin tafkin Chadi, bisa cewa Boko Haram na karɓar haraji a kai, daga baya aka kwashe mutanen tsibirai, sai 2019 aka ɗage hanin. Wanda ya san Gigimi lokacin da kamyo-kamyo ke lodin banda zuwa Najeriya ya san abin da ya tsaya ba masunta kaɗai ba ne, ƴan dako, masu karto, masu itace, dillalai, masu canjin naira, mata masu abinci a tasha, duk a rana ɗaya. A PIB ɗin Nijar kifi ɗan mitsitsi ne, kuma da ankete irin wadda na yi aka bi, da rabinsu manoma da matan gida aka rubuta.

Yaron ya koma ya sake tablon, ya ƙara gida na mata masu sarrafawa da gida na inda iyalan masunta ke zaune, wurare da yawa ya bar su fari don babu lamba, na ce ya bar su haka ya rubuta dalili, ya fi ya cika da ƙiyasin da ba shi da uwa. Da zai tafi sai wanda ya fara yi mashi dariya ya kira shi, shi dama yana da firigo biyu a kasuwar Dole yana sayar da kifin karto, wanda ke zuwa a daskare daga bakin teku. Ya ce ɗana tsaya, tun da aka rufe iyaka a 2023 kaya suka koma zagayawa na san abin da karto ɗaya ya koma, yara uku ke aiki a wajena, ban da matan da ke saye suna soyawa a bakin titi da yamma, to mu a wane gida ka sa mu? Yaron ya duba kwamfutar ya ce Baba ai ku ba ku cikin kilomita 50.